Turken Kakata a Bakin Ƙanƙara

Ku matso kusa, ya ku masu kunne, ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci. Ni ne Tunau jikan Tasalla, ɗan Birnin Tsamiya Bakwai, wanda ya taka inda raƙumi bai taɓa takawa ba, ya sha ruwan da sai an sare shi da gatari, ya ga rana ta yi wata uku a sama ba ta nemi makwanci ba. Wanda ya ce ƙarya nake yi, ga hanya nan a buɗe, tafiyar wata uku ce kacal, ya je ya gano wa idonsa.

Karatu dai na yi, kada wani ya raina ni. Shekara huɗu na yi a makarantar masu auna ƙasa, saura biyu in gama, sai aka sami ɗan saɓani tsakanina da babban malami. Abin bai taka kara ya karya ba. Duk ranar Asabar nakan rage ɗan yatsa guda daga sandar awonsa in goge bakin da ƙasa, har ranar da ya tara dattawan gari ya sanar da su cewa katangar makaranta girma take yi. Da asiri ya tonu, maimakon a yaba mini, sai aka miƙo mini tabarmata ta taga.

Shekara shida ina zaune a gari ina ba mutane nishaɗi, wasu na kiran abin fitina. Da ubana ya gaji, ya kama hannuna ya kai ni gaban uwarsa, ya ce, "Iya, ga shi nan. Ki tafi da shi inda ba mutanen da zai dama."

Kakata Tasalla ba irin tsofaffin da kuka sani ba ce. Tun tana da ƙuruciya ta bi ayarin kakana zuwa ƙarshen duniya ta arewa, inda ƙasa ke ƙarewa ƙanƙara ta karɓa. Shi ya je sau ɗaya ya ce ya tuba. Ita kuwa sau talatin ta koma, duk shekara, wata uku zuwa, wata uku dawowa. Kayan aikinta uku ne: turken ƙarfe, guduma, da igiya mai ƙulli arba'in, tsakanin ƙulli da ƙulli gaba guda. A can akwai wani kogin ƙanƙara da ya gangaro daga duwatsu ya tsaya cak. Takan kafa turkenta daidai bakinsa, in shekara ta zagayo ta dawo ta auna daga turken zuwa inda bakin ya koma. Shekarun farko gaba ɗaya ne, ko biyu. Daga baya abin ya fara gudu.

Ta dube ni da idanunta da suka fara yin fari, ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Ko kaza ba zai iya riƙewa ba."

Na ce, "Amarya, ai ke ce kika tsufa kina jirana."

Ta ce, "Bakinka ba shi nake so ba, mijin banza. Idonka nake so, nawa sun fara yi mini rowa. Ɗauki guduma."

Bayan kwana arba'in muka isa Birnin Zuga, garin maƙera, inda bututun hayaƙi dubu ke aman baƙi dare da rana, har farar kaza ba ta kwana uku da farinta. A nan kakata takan tsaya duk shekara. Ta kife turmi a tsakiyar kasuwa, ta hau, ta ce hayaƙin nan nasu ba ɓacewa yake yi ba, taruwa yake a sama kamar bargo, duniya tana gumi a ƙarƙashinsa, ƙanƙarar arewa tana narkewa tana cika teku. Ta karanto musu awonta na shekara da shekaru. Mutum huɗu suka tsaya, biyu daga ciki inuwar rumfa suka biyo.

Sarkin maƙera ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Iya Mai-turke, an dawo? Mu da zafi ke kashewa, in ta narke ki ɗebo mana a tulu mu sha."

Aka yi dariya. Ni kuwa ba a yi wa matata dariya in ƙyale. Da azahar, lokacin da ya shiga gida cin abinci, na hau soronsa na cusa jiƙaƙƙun buhuna a bututunsa, don ya ɗanɗana bargon nan shi kaɗai. Ya fito yana tari, matansa na tari, akuyarsa na tari. Maƙera ɗari suka biyo mu da arautaki, ko kuwa hamsin, ban tsaya ƙirga ba. A cikin buhunan gawayi muka bar garin, a bayan jakin wani bawan Allah da bai san ya ɗauko fasinja ba. Kakata ta yi ta dungure mini kai ta cikin buhu, amma na ji tana dariya ƙasa-ƙasa.

A Bakin Gishiri, inda ake hawa jirgi, ta tsaya ta nuna mini wani wuri da sandarta ta ce a nan take ɗaure jakinta a da. Na duba, sai na ga kifi na yawo a wurin. Mutanen unguwar da kwale-kwale suke zuwa cefane, kuma limaminsu a kan soro yake ja musu salla. Daga nan muka yi wata guda a teku. Na ga duwatsun ƙanƙara shuɗɗa suna tafiya a kan ruwa ba mai tura su, kowanne ya fi ganuwar garinmu tsayi. Na ga kifin da ke feso ruwa ta tsakar kansa. Rana ta daina faɗuwa, sai dai ta sunkuya kamar za ta ɗauki wani abu a ƙasa ta sake miƙewa. Kakata ta fito da wata fitila mai zane-zane a jikin kwalbarta, da raguwar mai muke gane lokacin salla.

Mutanen ƙasar mu muke kiransu Ƙanƙarawa. Gajeru ne, masu fara'a, suna sa rigunan fata da gashin a ciki. Dukiyarsu wasu bareyi ne manya masu ƙaho kamar reshen itace, su suke tatsa, su suke ci. Abin hawansu amalanke ne marar ƙafa, karnuka ke jansa a kan ƙanƙara. Ni da aka rene ni da jifar kare, ga ni zaune kamar basarake karnuka takwas na gudu da ni. Shugabansu wani dattijo ne, Ammaluk, abokin kakata na shekara talatin, wanda ya koyi harshenmu a bakinta, har da zaginta.

Kwana bakwai muka huta a zangonsu, ni kuwa na sami kasuwa. Ina ba da labari, Ammaluk na juya musu. Na ce a garinmu akwai dabbar da ke wata guda ba ta sha ruwa ba, suka fashe da dariya. Na ce mutum kan kwana a waje ba riga saboda zafi, suka riƙe ciki. Na ce na taɓa hawa jimina na tsere wa guguwa, suka yi dariya daidai da ta farko. Gaskiyata da ƙaryata duk kuɗinsu ɗaya a wurinsu. Suka sa mini wani suna, da na matsa Ammaluk ya ce ma'anarsa Bakin da Ba Ya Daskarewa.

A nan na gane nauyin igiyar kakata. Duk shekara Ƙanƙarawa kan kai bareyinsu kiwo wani tsibiri. Hanya biyu ce. Ta kan daskararriyar teku yini ɗaya ne. Ta bayan duwatsu kwana talatin ne, ƙananan bareyi na mutuwa a hanya, wani lokaci har da tsofaffin mutane. Sun daɗe da lura cewa shekarar da kogin ƙanƙara ya ja baya fiye da gaba goma, to teku ma ba ta yi kaurin ɗaukar garke ba. Su kuma al'adarsu ta hana su kusantar bakin kogin, don a can suke ajiye matattunsu, mai rai a cikinsu ba ya zuwa sai ɗauke da gawa. Baƙo ne kaɗai ke iya aunawa. Shekara shida a jere igiyar tana cewa sha biyu, sha takwas, ashirin da biyar, suna bin duwatsu suna binne nasu.

Muka kama hanyar kogin, ni da ita da karnuka, kwana biyu. A hanya ta ce, "Bana talatin zan samu. Ƙashina ya gaya mini."

Na ce, "In ƙashinki ya iya awo, me ya sa kika wahalar da ni da guduma?"

Ta ce, "Shekara talatin ban taɓa kuskure da fiye da gaba biyu ba. Kai ko sunanka aka ce ka rubuta sai ka ci gyara."

Wannan maganar ce ta jawo. Da muka sauka a bayan wani dutse ta kishingiɗa tana hutawa, na ɗauki guduma na zagaya. Ga turke can tsaye shi kaɗai a cikin tsakuwa, ga bakin ƙanƙara can nesa yana ɗiga. Na zo da shirin fama da daskararriyar ƙasa, sai na ga da hannu ɗaya ya tuge, kamar an kafa shi a cikin tuwo. Na yi mamaki kaɗan, ban tsaya tunani ba. Na saɓa shi a kafaɗa na yi ta tafiya, ban ƙirga taku ba, sai da na zo dab da ƙanƙara na kafa shi, na tattake gindin. Nufina ta auna, ta ji kunya, in yi dariya in more, sannan in nuna mata ramin gaskiya.

Na jawo ta har wurin. Ta shafa turken, ta gane nata ne. Ta ɗaura igiya, ta taka tana lalubar ƙulli. Ɗaya. Biyu. Uku. Sandarta ta bugi ƙanƙara.

Na kumbura kumatu ina jiran ta fara borin kunya. Ta koma ta sake aunawa. Uku. Sai ta durƙusa a kan tsakuwar nan, ta dafa ƙanƙara da tafin hannu biyu, ta fashe da kuka.

Ta ce, "Ta tsaya, Tunau. Alhamdu lillahi, ta tsaya. Ashe zan ga wannan kafin in mutu. Ashe wani ya ji maganata a wani wuri."

Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunana ba sai ran nan. Na fasa dariyar. Na ce a raina bari ta huce in faɗa mata. Da ta huce ta fara waƙa, na ce bari mu hau hanya. A hanya ta yi ta lissafa garuruwan da za ta kai wa albishir, na ce bari mu isa. Muna isa, tun daga kan amalanke ta ɗaga yatsu uku sama.

Zangon ya kaɗe. Mata na guɗa irin tasu, tsofaffi na rungumar juna, Ammaluk ya ba da umarni a tattaro garke, gobe da hantsi za a bi ta teku. Mutum ɗari uku, da jarirai a goye, da bareyi dubu biyu.

Nan na zabura. Na ja Ammaluk gefe na ce, "Baba, ka tsayar da tafiyar nan. Ni na matsar da turken. Awon ƙarya ne."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya juya ya faɗa wa jama'a da harshensu. Wurin ya ɗauki dariya, wani har da faɗuwa. Ya dafa ni ya ce, "Ɗan nema, wannan ta fi ta jimina."

Na rantse, suka ƙara dariya. Na je wurin kakata na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ce, "Na san halinka. Ka ga ina farin ciki, ka rasa inda za ka sa hannu ka ɓata. Turken da na kafa da guduma a daskararriyar ƙasa, kai da waɗannan hannuwan naka na cin tuwo za ka tuge? Tashi ka ba ni wuri."

Na ce ta zo in nuna mata ramin. Ta ce kwana huɗu zuwa da dawowa, garke ba zai jira shirmena ba.

To, ku da kuke saurare, me za ku yi? Mutumin da bakinsa ya mutu, sai ya yi magana da jikinsa.

Da hantsi, ana jera garke a bakin teku, na kwance karnukan Ammaluk daga amalankensa, don su ba su yi wa kowa laifi ba. Na loda masa duwatsu, nauyin bareyi huɗu. Na ɗauko salkunanmu biyu na ruwa, na juye su, na hura su da baki har suka yi tim, na ɗaure su a hammata ƙarƙashin rigar fata. Na fito kamar tulu mai ƙafa. Yara suka bi ni da ihu. Na rataya igiyar amalanken a ƙirji na hau kan teku ina ja.

Ammaluk ya ƙwala mini kira, "Kai, ina za ka da duwatsu? Akwai su a tsibirin!"

Na ce, "Sadakin amaryata zan kai!"

Taku ɗari, ƙanƙara shiru. Taku ɗari biyu, shiru. Tsoro iri biyu ya kama ni: kada ta fashe, kada kuma ta ƙi fashewa. In ta ɗauke ni a nan kusa da gaɓa, za su biyo ni, ta buɗe da su a tsakiya inda ba mai ceto. Na waiga, sai na ga bareyin gaba har sun fara sa ƙafa. Na ƙara sauri. A taku na ɗari huɗu launin ƙanƙarar ya sauya, daga fari ya koma toka-toka, ina hango duhun ruwa a ƙarƙashin takalmina. Na tsaya. Na hau kan duwatsun na fara rawa, irin rawar da ban taɓa yi ba ko a bikin ƙanwata, ina tsalle ina dirowa da duk ƙarfina. Ina jiyo dariyarsu daga nesa.

Sai na ji ƙara a ƙarƙashina kamar an tsinka bulala, ta gudu dama ta gudu hagu. Dariya ta ɗauke. Amalanke ya sunkuyar da kai ya shige, ni ma na bi shi.

Kada wanda ya ce muku ruwan nan sanyi gare shi. Wuta ce. Na tsinke igiyar da wuƙa, salkuna suka cillo ni sama kamar gora, na fito ina haƙi a tsakiyar wani rami da ya fi filin idi faɗi, ƙanƙara na ta karyewa tana bin hanyar da garke zai bi. Duk inda na kama sai ya ɓalle a hannuna. Ammaluk, dattijo mai jikoki, shi ya jawo ciki a kan ƙanƙara kamar ƙadangare har ya matso, ya wurgo igiyar da suke kama bareyi ta zarge ni a kafaɗa, mutum ashirin suka ja mu mu biyu. Yatsun ƙafata uku na bari a ƙasar nan, ga wurin, wanda ke so ya zo in cire takalmi.

Da na farfaɗo a cikin bukka, an naɗe ni da fatu, Ammaluk na zaune a kaina. Ya ce an juya garke zuwa duwatsu, ba a rasa ko ɗan barewa ba. Ya ce, "Jama'a sun kasu biyu, rabi na so a ba ka barewa goma, rabi na so a mayar da kai ramin. Ni ina cikin duka biyun."

Kakata kuwa ba ta ce mini uffan ba. Ita ke ba ni romo a baki, ita ke gasa mini ƙafa, amma ko mijin banza ban samu ba. Na gwammace ta rufe ni da duka.

Da na iya takawa, ta ce, "Ɗauki guduma."

Muka koma. Na nemo ramin farko a cikin tsakuwa, na kama hannunta na sa yatsanta a ciki. Ta daɗe tana shafa shi. Na mayar da turken mazauninsa, ta ɗaura igiya, ta fara takawa tana ƙirga a fili. Goma. Ashirin. Talatin, inda ƙashinta ya ce, ta miƙa sanda ba ta taɓa komai ba. Talatin da biyar. Arba'in. Igiya ta ƙare a hannunta.

Ta ce, "Tuɓe rawaninka."

Na tuɓe, ta ƙulla, muka ci gaba. Ya ƙare. Ta cire mayafinta ta ƙulla, iska na kaɗa furfurarta. Shi ma ya ƙare. Ta miƙa sanda iya tsawon hannunta, ba komai sai iska.

Ta zauna a kan dutse ta ce, "Taka sauran. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na taka ina ɗingishi har na dafa ƙanƙara, na dawo na ce, "Goma sha bakwai, Iya."

"Maimaita."

"Goma sha bakwai."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To riƙe shi da kyau. Kai za ka hau turmi a Birnin Zuga, ni muryata ta ƙare."

Na ce, "Iya, ni? Wa zai yarda da ni?"

Ta ce, "Shekara talatin ina faɗa musu gaskiya tsurarta, mutum huɗu ke tsayawa. Kai ko ƙarya kake yi kasuwa tsayawa take. Tara su da jiminarka, mijin banza, ka ba su dariya har su gaji. Amma ranar da ka taɓa mini awon nan, ban yafe ba duniya da lahira."

Shi ya sa na tara ku yau. A cikin abin da kuka ji, maƙeran nan wataƙila ba su kai hamsin ba, ramin ma wataƙila bai kai filin idi ba. Amma gaba arba'in ne, da rawani, da mayafi, da taku goma sha bakwai, a shekara guda. Wannan ko ɗan yatsa ban rage ba.